Lauratu Mai Turnabis da Sunayen Garin Sha'ibu

Kafin masu shaguna na layin tasha a Tasawa su gama share ƙofofinsu, Lauratu Amani ta riga ta buɗe tata. Ba ta taɓa na'urar kowa sai ta yayyafa ruwa a ƙasa don rairayi ya kwanta, ta goge teburin aiki, ta jera turnabis ɗinta, wato abin kwance kusoshi, daga ƙarami zuwa babba. Daga nan sai ta sa tabarau, ta buɗe wayarta ta karanta labaran masu ƙera na'urori da Faransanci, tana juya abin da ya shafe mu zuwa Hausa a cikin kaye, wato littafin rubutu irin na 'yan lekol, makarantar boko. Abin da ta rubuta shi take karanta wa masu saurare ranar Alhamis a gidan rediyon garinmu, inda aka ba ta rabin awa. Da hantsi mutane sun fara zuwa, kowa rungume da ordinatar tasa, wadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira kwamfuta, wani a cikin buhu, wata a naɗe da zane kamar jinjiri.

Tambayarta ta farko ba ta canzawa: me ka yi mata kafin ta tsaya? Kusan kowa sai ya rantse bai yi mata komai ba. Sai ta yi murmushi ta ci gaba da kwance kusoshi. Kafin ta ɗaga murfin, mai na'urar ya fara tunawa da kansa cewa shekaranjiya shayi ya ɗan zube a kai, ko kuma an jona ta da injin wuta na maƙwabci.

A ƙarshen watan nan Lauratu za ta aje aikin. Shekarunta sittin da uku, idonta na hagu ya yi yana, hannunta kuma ya fara rawa idan ta riƙe ƙaramar kusa. 'Yan biro, wato ma'aikatan ofis, suna ce mata Madam, mutanen layin tasha suna ce mata Inna. Ni Laminu, malamin lekol ne, shekara talatin ina rubutu da alli, kuma Madam nake ce mata, ita kuma tana ce mini Mushe, yadda ake kiran malaman lekol a nan daga Faransanci. Na ɗauki alƙalami ne don akwai abin da ta yi wanda na ɓoye shekara goma sha biyar, kuma ba na so ta bar shagon nan mutanen Tasawa ba su ji shi ba.

Ba da gyaran na'ura ta fara ba. Tana da shekara ashirin da ɗaya aka ɗauke ta buga takardu da keken rubutu a wani biro na nan garin. Waɗanda suka yi aiki da ita sun ce tana bugawa tana hira da kai, idonta a kanka, kuma ba za ka tsinci kuskure a shafin ba. Wajen 1999 aka kawo wa biron ordinatar ta farko. Ta yi wata biyu ta tsaya, aka lulluɓe ta da zane ana jiran motar da za ta kai ta Yamai, motar da ba ta zo ba har wata huɗu. Wata rana da mutane suka fita cin abinci, Lauratu ta ari turnabis wurin mai gyaran rediyo ta buɗe ta. Zanzaro ne ya yi gini a cikin fanka, fankar ta kasa juyawa, zafi ya hana na'urar tashi. Ta kankare ginin da tsinke, ta hure, ta mayar da murfi, ta kunna. Da shugaban biron ya dawo ya tarar ana aiki da ita, an ce ya daɗe a tsaye bai san ko faɗa zai yi ko godiya ba.

Daga ranar ta kamu. Ta karance littafin da ya zo da na'urar har bangonsa ya fita. Duk wanda za shi Maraɗi sai ta ba shi takardar tambayoyi ya kai wa wani mai gyara na can. A 2004 ta bar biro ta buɗe wannan shagon, mijinta Malam Mahmudu tela ya yanka mata rabin nasa. Da farko ba a yarda da ita ba. Wani attajiri ya faɗa a gaban jama'a cewa ba zai ba mace na'urarsa ta yi koyo a kai ba. Sau biyu ya kai ta Katsina tana dawowa da ciwonta, a ƙarshe matarsa ce ta kawo ta a ɓoye cikin kwandon wanki. Har yau mutumin yana yaba mai gyaran Katsina, kuma Lauratu ba ta taɓa gyara masa zancen ba.

Abin da nake son faɗa ya faru ne a watan Mayu na 2010. Damina ta yi gardama a shekarar da ta gabata, rumbuna suka ƙare tun kafin tsakiyar rani. A watan Fabrairu sojoji suka karɓi mulki, kuma suka fito fili suka ce akwai yunwa a ƙasa. Wata ƙungiyar agaji ta yi alkawarin kawo gero ƙauyukan wajen Hawandawaki, amma sai an ba ta jerin gidaje, suna da suna, da yawan bakin da ke kowane gida. Aka nemi malaman lekol su yi wannan ƙidaya. Ni aka ba ƙauyuka goma sha huɗu, don ina da moto, wato babur, kuma ina da ordinatar ta hannu da ƙanena ya aiko mini daga Libiya.

Sati shida na yi ina yawo cikin rairayi. Na ga mata suna jiƙa anza, 'ya'yan wani itacen daji, kwana huɗu don ɗacinta ya fita a samu abin ba yara. Na ga garuruwan da maza suka watse ci-rani, ba kowa sai tsofaffi da mata. Duk abin da na rubuta a takarda, in na dawo gida sai in shigar da shi na'ura, kowane gari da nasa wurin. Takardun kuwa na zuba su a kwali na aje a zaure. Wata rana aka bar ƙofa a buɗe, awakin unguwa suka shiga. A shekarar nan dabbobi har leda suke ci. Ban tarar da komai ba sai gefen kwalin da 'yan tsumman takarda. Na ce a raina ba komai, ai duk suna cikin na'ura, ban kuma gaya wa kowa ba.

Na'urar kuwa ta yi sati tana wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas, kamar ana taɓa cokali a kwano. Na ji, na share. A kan katifa nake aza ta in yi aiki da tsakar rana cikin zafin bazara, ban san ina toshe mata hanyar shan iska ba. Ranar Talata da safe na kunna don in kai a buga jerin a takarda, fuskarta ta yi baƙi, rubutu layi ɗaya ya fito, ta tsaya nan. Kafitan ɗin soja da aka ɗora wa kula da rabon ya riga ya gaya mana cewa ranar Alhamis da tsakar rana zai rufe karɓar jerin, domin motocin geron ba za su kwana suna jira ba, akwai garuruwan wajen Mayahi da su ma ke cikin wahala. Garin da ba a kawo sunayensa ba sai zagaye na gaba, kuma ba wanda ya san ranar zagaye na gaba. Gida dubu biyu da wani abu ne a cikin na'urar nan.

Ban san yadda na isa layin tasha ba. Lauratu ta yi mini tambayarta, ni kuwa ban iya yin ƙarya ba, na zayyana mata duka, har da awakin. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta kara kunnenta a jikin na'urar ta kunna, ta saurara, ta kashe da sauri. Ta ce diskin da ke riƙe da duk abin da aka rubuta ne ke mutuwa, kuma duk kunnawar da na yi tun safe rage masa kwana na yi. Ta sallami mutum biyu da ke jira, ta ce su dawo jibi, ta ja ƙofar shagon.

Ta ciro diskin, ɗan abu kamar tafin hannu, ta jona shi da tata na'urar da waya. Ya buɗe, sunayen garuruwan suka fito a jere, har na fara hamdala. Minti uku bai cika ba ya ɗau zafi, ƙarar ta dawo, komai ya ɓace. Ta ce in ya huce zai sake buɗewa, amma ba ta san sau nawa ya rage masa ba. Ga shi an ɗauke wuta tun asuba, ba ƙanƙara a garin ko ta magani, ita kanta da batirin mota take aiki. Sai ta leƙa ta kira Malam Mahmudu, ta ce ya kawo mata kwatarniya da ƙaramar tukunyar ƙasa daga gida. Ta cika kwatarniyar da jiƙaƙƙen rairayi, ta binne tukunyar a ciki har wuya. Ta sa diskin a leda biyu ta ɗaure bakin tam don kada laima ta shiga, wayar kawai ta fito, ta saka shi cikin tukunyar ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ta miƙa mini mafici ta ce in yi ta fifita.

Kafin ta sake jonawa ta juyo ta dube ni.

“Mushe Laminu, wane gari ya fi nisa?”

Na faɗa mata. Ta ce in jera mata su duka daga na nesa zuwa na kusa, domin in diskin ya mutu a tsakiya, gara a ce na kusa ne suka rage, waɗanda za a iya komawa a sake rubutawa. Ni da na yi sati shida a garuruwan nan, wannan tunanin bai zo mini ba.

Haka muka wuni. Ta jona, ta kwashe gari ɗaya, wani lokaci biyu, da ta ji alamar ƙara sai ta zare, mu jira rabin awa ina fifita, Malam Mahmudu yana ƙara ruwa a rairayin. Ba ta ci komai ba sai ruwa, sai salla da ta tashe ta. Gari na huɗu a jerin, Garin Sha'ibu, ya ƙi. Da ta taɓa shi sai diskin ya fara ƙara nan take. Ta ce wurin da yake zaune ne ya lalace, ta tsallake shi ta ci gaba. Bayan la'asar gari goma sha uku sun fito lafiya, ta zuba su a wuri biyu dabam-dabam. Sannan ta ce bari a gwada na ƙarshen. Ta yi bisimilla ta taɓa. Diskin ya yi ƙara sau biyar ko shida, ya yi shiru, bai sake motsi ba.

Na zauna a ƙasa. Garin Sha'ibu tafiyar awa biyu ce a moto cikin rairayi mai cin taya, kuma kwana uku na yi kafin in gama rubuta shi da farko. Na fara cewa goma sha uku ma an gode Allah, zan gaya wa kafitan a sa su a zagaye na gaba. Lauratu tana naɗe wayoyinta, ba ta dube ni ba. Da ta gama ta ce:

“Shekarar tamanin da huɗu, ina sabuwa a biro, ni na buga jerin rabon hatsi. Shafi guda ya manne a bayan karbon, ban gani ba, na kai sauran. Mutanen shafin nan kwana uku suka yi a bakin mangaza, inda ake aje hatsin, ina wuce su safe da yamma ban san ni ce ba. Sai bayan sati biyu na tsinci takardar a cikin aljihun tebur. Sun riga sun tashi, sun yi kudu. Ban san inda suka ƙare ba har yau.” Ta rufe akwatin kayan aikinta. “Na'ura ce ta mutu, Mushe. Mutanen suna nan. Gobe sai mu tahi mu tambaye su.”

Washegari bayan sallar asuba muka kama hanya, Malam Mahmudu ya ɗauko ta a motonsa, ni ina biye. A bayana an ɗaure wani akwati mai nauyi da ta fito da shi daga ƙarƙashin gado: tsohon keken rubutunta, da takardu, da karbon. Na tambaye ta me ya sa ba ta ɗauko ordinatar ba. Ta ce batirinta awa biyu yake yi, garin kuwa ba wuta, keken nan kuma bai taɓa tambayar ta wuta ba. Sau uku muka sauka muna tura moto. Tana da shekara arba'in da takwas a lokacin, a gidanta ma sau ɗaya ake ɗora tukunya, wannan daga baya na ji shi a bakin maƙwabta.

Maigarin, dattijo ne mai sunan kakansa Sha'ibu, bai ji daɗin ganina ba. Ya ce an rubuta su sau ɗaya ba su ga komai ba, yanzu kuma an dawo a sake tara mata masu yunwa a rana. Lauratu ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaya masa gaskiya ba tare da ta ambaci laifina ba: rubutun farko ya lalace, gobe da tsakar rana ake rufewa, in ya ba ta wuni ɗaya sunan garinsa zai shiga. Ya dube ta, ya dubi akwatin, ya sa aka buga ganga.

Aka aza keken a kan turmi da aka kifa, ƙarƙashin gawo. Ta sa takarda uku da karbon biyu a tsakani. Mata suka yi layi, kowace ta faɗi sunan maigidanta da yawan bakin da take ciyarwa, maigari yana gefe yana tabbatarwa. Abin da na yi kwana uku ina yi, na ga yatsun Lauratu suna cinye shi kamar ana sheƙa ruwa a kan kwano. Duk shafin da ya cika sai ta zare, ta raba ukun a hannunta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga karbon ta duba bayansa, sannan ta ba ni in karanta sunayen da ƙarfi don wanda bai ji nasa ba ya yi magana.

Wajen azahar ta lura da wasu mata su biyar ko shida a tsaye can nesa, ba su shiga layi ba. Ta tambaya, aka ce Fulani ne da shanunsu suka mutu, suka yada zango a bayan gari wata biyu da suka wuce. Ni ban ma san da su ba a zuwana na farko. Maigari ya ce ba talakawansa ba ne, ba zai iya shaidar su ba, kuma yana tsoron in an ƙara su a rage wa nasa. Lauratu ta ɗaga hannunta daga kan keken. Ta ce masa a ladabce, takardar da aka ba Mushe cewa ta yi a rubuta duk gidan da ke kwana a garin, ba ta ce sai wanda aka haifa a nan ba, kuma rabon da yawan baki ake yin sa, ba za a rage wa kowa ba. Ta ce amma garinsa ne, in ya hana ba za ta buga ba. Dattijon ya daɗe yana jan carbi. Can ya aika aka kira babban Fulanin, ya tambaye shi sunayen da kansa. Gida goma sha bakwai aka ƙara.

Muka shigo Tasawa ana kiran magariba. Yatsunta biyu sun fashe, ta naɗe su da tsumma. Ranar Alhamis da hantsi na kai wa kafitan jerin gari goma sha huɗu. Ya juya takardun, ya tsaya a kan na Garin Sha'ibu, ya tambaye ni me ya sa wannan ya bambanta da sauran. Lauratu ta riga ta gargaɗe ni cewa kada in ɗaga zancen na'urar, domin zamanin soja ne, ba a san yadda za a ɗauki sakacin ba, ni kuma ina da iyali. Na ce masa matsalar wuta ce. Ya gyaɗa kai ya sa hannu. Bayan kwana huɗu gero ya isa garuruwan duka.

Da aka gama rabon, aka tara mu aka ba wasunmu takardar yabo. Aka kira sunana, aka ce jerina ya fi na kowa tsabta, har da makiyayan da wasu suka manta. Na tashi na karɓa, aka tafa mini. Lauratu tana shagonta a lokacin tana cire wa wani ƙwayar cuta daga na'ura. Na sa takardar a gilashi na rataye a ɗaki. Tsoron soja ya wuce tun da daɗewa, an yi zaɓe, an yi wani, amma ban buɗe baki ba, domin yabon ya yi mini daɗi. Wannan ita ce gaskiyar.

Madam, ke ce gawon da ke fid da ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Ke ce kika wuni a kan diskin da ba naki ba, kika bi rairayi zuwa garin da ba ki da kowa a cikinsa. Ba ki taɓa tuna mini ba, ko da wasa. Duk lokacin da na kawo miki na'ura bayan haka, gaisuwa ce kawai da tambayar yara, kamar ba abin da ya taɓa haɗa mu.

Bayan shekarar nan ne ta nemi a ba ta fili a rediyo. Wanda ya saba saurare ya san yadda take yi. Wani ya bugo daga Gidan Amumune ya ce tasa ba ta tashi, sai ta ce ya zare batir, ya danne maɓallin kunnawa ya ƙirga talatin, ya mayar. Ta hana mutane aza na'ura a kan katifa ko matashi. Ta ce in ruwa ya zube, a kashe, a kifa, a yi haƙuri kwana biyu, kada a shanya a rana. In ta ji ƙarar diski, ta ce, ba gobe ba, yau za a kwashe abin da ke ciki. Labaran kamfanoni kuwa tana kawo su ne gwargwadon yadda suka shafi aljihun talaka. Ranar da aka ce wani kamfani zai daina kula da tsohon tsarinsa, mutane suka firgita za su zubar da na'urorinsu. Ta ce yaye ne aka yi, ba mutuwa ba, ta bayyana abin da za a iya ci gaba da yi da su da abin da ya kamata a daina, kamar shiga asusun banki. Da aka fara zancen na'urar da ke amsa tambaya kamar mutum, ta ce ta gwada ta da kanta, ta tambaye ta ranar kasuwar wani ƙauye da ta sani, ta ba ta amsar da ba daidai ba cikin kwanciyar hankali. Ta ce a yi amfani da ita, amma a riƙa bincikawa kamar yadda ake bincika labarin tasha.

A 2023 sojoji suka sake hawa, aka rufe iyaka, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta tsaya, kayan gyara suka yanke daga Kano da Katsina. Masu gyara da yawa suka rufe. Lauratu ta bi gidaje da birori tana roƙon matattun na'urorin da aka jibge, ta riƙa haɗa biyu ko uku ta tayar da guda. Hajara, sakatariyar wata lekol wadda ta yi shekara tara tana zuwa koyo wurinta duk ranar Asabar, ta gaya mini cewa a watannin nan ɗalibai huɗu da ke rubuta littafin kammala jami'a da irin waɗannan haɗe-haɗen suka gama. Ita ce kuma ta ba ni labarin wani magidanci da ya kawo na'urar matarsa a buɗe masa kalmar sirri. Lauratu ta ce ya je ya zo da mai ita. Ya yi ta faɗa, ta bar shi ya gama, ta miƙa masa kayansa. Hajara ce za ta ci gaba da shagon, da filin Alhamis.

Satin da ya wuce na cire takardar yabon daga bango na kai mata. Na tarar da ita tana nuna wa Hajara inda ta aje ƙananan kusoshi. Na ce mata zan rubuta abin da ya faru, da sunana da nata. Ta karɓi gilashin ta matso da shi kusa da idonta mai gani, ta karanta har ƙasa, ta mayar mini. Ta ce in mayar da ita inda take, sati shidan da na yi a rairayi ba ƙarya ba ne.

“Ka rubuta in kana so,” in ji ta. “Amma kada ka ce na ceci kowa. Gero ya cece su, da ikon Allah. Ni dai ban so a sake zama a bakin mangaza saboda takarda.”

To na rubuta, Madam, kuma na bi umarninki gwargwadon iko. Allah ya saka miki da alheri, ya ba idonki lafiya, ya saka wa Malam Mahmudu da ya tura moto tare da mu. Ku kuma masu karatu, musamman matasan da ke buɗe shagunan gyara a Tasawa da Mayahi, ku sani abin da ake aza muku a tebur ba ƙarfe ba ne kawai, wani lokaci abincin gari guda ne a ciki, sai ku riƙe shi yadda ta riƙe. Wanda kuma yake da wani da ya rufa masa asiri kamar yadda aka rufa mini, kada ya yi irin jinkirina, ya je ya faɗa tun mutumin yana ji da kunnensa. Madam tana nan a shagon har ranar talatin ga wata, ƙofa ta uku daga bakin tasha.

Na gode, Lauratu 'yar Amani. Na makara ƙwarai, amma na gode.